An ce kuɗi yana yawo, to ta wane layi yake bi?

Mai Albasa, Mile 12:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, kuma ina so masu boko da masu allo duk su sa baki. Babban Bankin Najeriya yana cewa takardun kuɗin da ke yawo a hannun jama'a sun ƙaru. A watan Satumbar 2022 naira tiriliyan 3.23 ne, a 2024 kuwa sun haura tiriliyan 4. Amma mu a kasuwar Mile 12 da ke nan Legas, gaisuwarmu ta koma "kuɗi ba ya yawo". Matar da ke ɗaukar buhu guda ta kai Ketu ta kasa, yanzu rabin buhu take roƙo, ta ce sai ta sayar ta kawo ciko. Mai abincin da ke sayen kwando yanzu a roba take aunawa. To waye mai gaskiya, banki ko kasuwa?

Ɗan Canji, Ikeja:
Wa alaikumus salam Alhaji. Duk biyun gaskiya suke faɗa. Takardar ta ƙaru, ƙarfinta ne ya ragu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta da kanta a watan Yuni, komai ya tashi. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari, ta abinci ma ta taɓa 40. Mai albashin da bai ƙaru ba, da me zai sayi buhu?

Malamin Firamare, Agege:
Akwai ƙari a kan abin da Ɗan Canji ya faɗa. Yawan kuɗi daban, sau nawa ya canza hannu a rana daban. Ɗauki takardar dubu ɗaya a nan Mile 12. Da asuba wata mata ta ba Alhaji ita ta karɓi albasa. Alhaji ya miƙa wa ɗan dakon da ya sauke masa kaya. Ɗan dako ya je wurin mai shayi ya karya da ita. Mai shayi ya biya yaron da ke kawo masa burodi. Yaron ya hau danfo ya ba kwandasta. Kafin azahar takarda guda ta biya buƙatar mutum biyar, ta yi aikin dubu biyar. In kuwa Alhaji ya ji tsoron gobe ya cusa ta cikin aljihun ciki, ɗan dako ya ce wa mai shayi "rubuta", mai shayi ya rage odar burodi. Takardar tana nan, banki zai ƙirga ta cikin kuɗin da ke hannun jama'a, amma ba ta ciyar da kowa ba. Banki takardu yake ƙirgawa, Alhaji kuma hannuwa yake gani.

Mai Albasa, Mile 12:
Malam, Allah ya ƙara basira. Wannan "rubuta" ɗin ita ce ta cika kasuwa yanzu. Littafin bashina ya fi aljihuna nauyi.

Baba Dillalin Shanu, Oko-Oba:
Ku yara kuna maganar lissafi, mu mun gani da idonmu. Canjin kuɗin 2023 ai shi ne makarantar wannan darasi. A ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya ce za a sauya fasalin 200 da 500 da 1000, wai saboda tiriliyan 2.7 na wajen bankuna. Aka sa wa'adi 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Aka karɓe tsofaffi, sababbin ba su wadata ba. A cikin Fabrairun nan kuɗin da ke hannun jama'a ya faɗi ƙasa da tiriliyan ɗaya.

Abin da ya faru a mayanka shi ne, mahauci yana da kuɗi a asusu, ni ina da sa a turke, Bafulatanin da ya ba ni amanar san yana ruga, ba shi da asusu, ba shi da sabis, tsaba yake so a ƙirga masa a hannu. Mutum uku, kowa da dukiyarsa, amma ciniki ya gagara. Sa yana tsaye yana cin dusa da harawa, yana ramewa, kullum ana asara a kansa. Na ga an yi taransifa, kuɗi ya fita daga wayar mai saye, bai shiga ta mai sayarwa ba, suka zauna a kan benci suna kallon juna tun hantsi har la'asar, an riƙe igiyar sa an hana shi fita. Mu da muka ga canjin 1984, shi ma a zamanin Buhari yana soja, mun san inda za a je tun ranar da aka yi sanarwa. Sai da gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka je Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa tsofaffin su ci gaba da aiki, sannan muka numfasa.

Mai Tumatir, Mile 12:
Baba, ku sa ne, yana iya jira. Mu tumatir ba ya jira. Motar da ta taso daga Kura ko Danja ta kwana biyu a hanya, in ta iso dole a sayar a ranar. A watannin nan kwandon da aka saya da tsada a gona mun riƙa sakinsa ƙasa da kuɗin motarsa, saura a zuba a bola. Kuma 'yan POS suka yi mana yankan ƙauna.

Ɗan POS, Idi-Araba:
Yaya, kar a haɗa mu duka a kwando ɗaya. Gaskiya ne an karɓi dubu biyu a kan dubu goma, wasu ma fiye. Amma tsabar da muke bayarwa mu ma sayenta muke yi, a gidan mai da wurin masu shago, domin banki ya daina ba mu. Yau kuma fa? Rabin cinikin layinmu ta waya ake yi. Mai suya yana da lambar asusu a manne a jikin gilashinsa. Mai ruwa a kura ma yana karɓar taransifa. Wannan kuɗin yana yawo, ba a dai ganinsa a hannu.

Mai Tumatir, Mile 12:
Yana yawo, amma a kowane hannu sai an gutsure shi. Na tura an cire, na cira an cire. Takardar da Malam ya ba da misali da ita ta wuce hannu biyar tana nan dubu ɗayanta. Ta waya kuwa kafin ta kai hannu na biyar ta rame.

Ɗan POS, Idi-Araba:
Wannan ban musa ba. Amma ka tuna yadda ake ɗinke kuɗi a cikin ɗamara a hau mota zuwa Arewa, ana addu'a tun daga Ibadan har Jebba. Mutum nawa aka tare a hanya saboda tsaba? Ni gara a gutsura naira ɗari da a rasa rai.

Hajiya Uwar Adashi, Obalende:
Sannunku da muhawara. Ni ban san tiriliyan ba, amma na san kuɗin da ke zagayawa, don ta hannuna yake bi. Mu goma ne a ƙungiyarmu, kowa tana zuba dubu biyar duk Juma'a, ɗaya ta kwashi dubu hamsin. Ba a ƙara ko sisi a kai ba, kuɗin da muka zuba shi ne muke kwasa. Amma dubu biyar a hannun mace ɗaya cefane ce, dubu hamsin kuwa jari ne. Da shi mai tuwo ta sayi buhun masara lokacin da yake da sauƙi, da shi mai kitso ta kama ɗaki. Maƙwabtanmu Yarbawa ma suna yi, suna ce masa ajo ko esusu, har da masu zagayawa shago-shago kullum suna karɓa da kati.

Abin da ke kashe adashi mutum ɗaya ne: wadda ta kwasa da wuri ta daina zubi. Da zarar ɗaya ta tsaya, ta bayanta ta rasa, ta bayan wannan ta ji tsoro. Shi ya sa ba na ba sabuwar zuwa ɗauka ta farko, komai kukanta. Sai ta zauna a ƙarshen layi mun ga halinta. Alhaji mai albasa, ina ganin ciwon kasuwarku ke nan. Amana ce ta yi ƙaranci kafin kuɗi ya yi.

Mai Albasa, Mile 12:
Hajiya kin taɓo wurin. Da, manomi a Aliero zai ɗora maka mota guda a kan magana, sai ka sayar ka aika. Yanzu sai ya ga alat kafin a ɗaga buhu.

Ɗalibi, Yaba:
Iyayena ku yi min afuwa, zan faɗi abin da ke damuna. Ni ina ganin matsalarmu ta wuce Babban Banki. Kuɗin Bahaushe ba ya kwana a Legas. Tun zamanin fataucin goro kakanninmu suke Agege, jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano fiye da shekara ɗari, amma har yau yawancinmu haya muke yi. Abin da aka samu, kaso ɗaya ya tafi wurin mai gida, kaso ɗaya kuɗin tikiti da na ƙungiya, sauran a tura gida ranar Juma'a. Me ya rage da zai zagaya a tsakaninmu? Ku dubi Inyamurai a kasuwannin Alaba da Ladipo. Yaro zai yi wa ubangidansa hidima shekaru, a sallame shi da jari, ya buɗe shago a layi ɗaya da shi, ya sayi kaya a wurinsa, shi ma ya ɗauko wani yaro daga ƙauye. Mu kuwa yaro zai shekara goma yana dako, ya tsufa yana dako. Lokacin da gwamnatin jihar Legas ta Gwamna Sanwo-Olu ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a ranar 1 ga Yunin 2022, ta ƙara huɗu a watan Satumba, samarinmu nawa ne suka sami wani mai kuɗi daga cikinmu ya ja su cikin sana'arsa? Yawanci mota suka hau suka koma.

Direban Tirela, Apapa:
Ƙanina, ka yi magana mai kyau, amma rabinta ban yarda da ita ba. Kuɗin da ake turawa gida ba rami yake faɗawa ba. Ni nake ɗauko shi in dawo da shi. Ɗan dako ya tura wa mahaifinsa a Goronyo ko Danja, tsoho ya sayi taki da man injin ban ruwa, bayan wata huɗu albasar ce a bayan motata muna tsallaka gadar Jebba. Na sauke a Mile 12, ɗan dakon nan shi zai ɗauka a biya shi. Ni kuma ba na komawa wayam, sai in yi lodin suga ko fulawa ko manja, wani lokaci goro daga Shagamu. Zagayen yana da faɗi ne kawai, kilomita sama da dubu, shi ya sa wanda ke zaune a Yaba ba ya ganin ƙarshensa. Ka tuna ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da dillalan abinci da na shanu suka tsayar da lodi zuwa Kudu? A kwanaki kaɗan tumatir ya gagari mutane a Legas, a Arewa kuma yana ruɓewa a gona. Kowa ya ji a jikinsa, har waɗanda suka tsayar.

Ɗalibi, Yaba:
Na ji, Yaya. Amma wa ke cin ribar zagayen? In shekara ashirin ana zagayawa, ɗan dako yana nan ɗan dako, ɗansa ma ya zo ya gaje shi, ai akwai inda kuɗin ke tsiyayewa.

Direban Tirela, Apapa:
Yana tsiyayewa a hanya. Ka hau gaban mota sau ɗaya ka ƙirga shingaye daga Mokwa zuwa Ibadan, ka ga sau nawa hannu ke fita ta taga. Ga man dizal. Ga kwanakin da muke yi a layi kafin mu shiga tashar jiragen ruwa.

Malam Mai Tsangaya, Zangon Agege:
Bismillah. Na karanta duka, kuma maganar ɗalibin nan tana da tushe a addini. A Suratul Hashri, aya ta 7, inda Allah ya yi bayanin rabon dukiyar da aka samu ba tare da yaƙi ba, ya faɗi dalilin rabon: don kada dukiya ta zama abin da ke kewayawa tsakanin mawadata kawai. Ku lura, ba a ce dukiyar ta tsaya ba. Tana kewayawa, amma a cikin ɗan ƙaramin da'ira. Alhaji ya saya a wurin Alhaji, ya aurar da 'yarsa ga ɗan Alhaji, ya ba Alhaji bashi. A Suratut Tauba, aya ta 34, an yi gargaɗi mai tsanani ga masu taskance zinariya da azurfa. Zakka kuwa ɗaya cikin arba'in ce duk shekara ga dukiyar da ta kai nisabi, har da kayan sayarwa. Wanda ya binne kuɗinsa zakka za ta yi ta rage shi, wanda ya juya shi ya fitar daga riba.

Abin da nake gani a nan shi ne, mai kuɗi zai canzo sababbin ɗari biyar-biyar ya raba a ƙofar masallaci, mutum ɗari su karɓa, kowa ya ci abincin rana ya dawo baɗi. Da zai ɗauki mutum biyu cikin yaran shagonsa da suka cancanta ya ba su abin da zai zama jari, da baɗi ko baɗin baɗaɗa su ma sun fara fitarwa.

Baba Dillalin Shanu, Oko-Oba:
Allah gafarta Malam, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma a gaya wa yaran su ma. Na sallami yara da jari, wani ya riƙe, yau yana da turkensa. Wani kuwa wata biyu ya sayi waya da babur, ya dawo yana neman dako.

Malam Mai Tsangaya, Zangon Agege:
Haka ne Baba. Ai guda da ya riƙe ya isa hujja a ci gaba.

Ma'aikaciyar Jinya, Mushin:
Ina neman izini in ɗan karkata, saboda maganar Direba ta kwana a layi ta tsaya min a rai. Kuɗi a gari kamar jini ne a jiki, kuma na jikin shi nake gani kullum a wurin aiki. Zuciyar babban mutum tana harba kusan lita biyar a minti ɗaya ko yana zaune, wato kusan duk jinin jikinsa. Saukarsa zuwa ƙafa ba wuya. Dawowarsa sama ce ke buƙatar taimako, kuma naman sharaɓa ne ke matsa jijiyoyi ya turo shi duk lokacin da mutum ya taka. Wanda ya zauna awa goma a bayan sitiyari, ƙafa a lanƙwashe, ba ya shan ruwa don gudun fitsari, jinin yana taruwa a ƙasa. Yana iya daskarewa ya zama guda a cikin jijiya, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu, mutum na iya faɗuwa nan take.

Don Allah direbobinmu, da masu gadi, da teloli: ku riƙa sauka kuna takawa, ko kuna motsa tafin ƙafa sama da ƙasa a inda kuke, ku sha ruwa. In ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi, tana ciwo a sharaɓa, kar a murza, kar a kai wa wanzami ya yi ƙaho. Asibiti za a je a ranar. In kuma numfashi ya fara gagara ko ƙirji ya riƙe, wannan gaggawa ce.

Direban Tirela, Apapa:
Anti, Allah ya saka da alheri. Ƙafafuna biyu suna kumbura in na yi doguwar tafiya, amma suna saɓewa in na kwana. Shi ma abin tsoro ne?

Ma'aikaciyar Jinya, Mushin:
Wanda ya kama ƙafa biyu ya sauka da safe yawanci na zama ne, amma ka je a auna hawan jininka da suga, a duba ƙoda. Ba a gane wannan ta waya.

Mai Shayi, Alaba Rago:
Jama'a ga wani saƙo da aka turo min yanzu. An ce daga ranar 31 ga Disamba tsofaffin 500 da 1000 sun daina aiki, kowa ya kai nasa banki. An ce a tura wa 'yan'uwa.

Shugaban Zaure:
Malam mai shayi, don Allah goge shi, kuma kar ka tura wa kowa. A watan Nuwamban 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffi da sababbi su ci gaba da aiki tare ba tare da wa'adi ba. Irin wannan saƙon ya yi yawo a ƙarshen 2024, har Babban Banki ya fito ya ƙaryata. Illarsa ba ƙarama ba ce: gobe kwandasta ya ƙi karɓar tsohuwar dubu, mai kayan miya ta ƙi, ciniki ya tsaya a kan ƙarya. Mu a Legas bai kamata a sake yi mana haka ba. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Mutane suka tashi iyayensu a waya da tsakar dare. An kwantar da wasu a asibiti, wasu sun rasu, ba Ebolar ce ta kashe su ba. Dokar zaure tana nan: saƙon da ba a san wanda ya fara rubuta shi ba, ba ya shigowa.

Mai Shayi, Alaba Rago:
Na goge, ranka ya daɗe.

Mai Albasa, Mile 12:
Na gode wa kowa. Amma ni har yanzu littafin bashina yana nan, kuma ba zan iya gyara farashin dizal ko shingen hanya ba. Abin da ke hannuna shi zan tambaya. Hajiya, in mu maza goma a layin albasa muka yi irin naku, amma da sharaɗin duk wanda ya kwasa zai ware wani kaso ya ba yaron shagonsa buhu biyu ko uku ya fara kasawa da kansa, zai yiwu? Wa zai riƙe kuɗin?

Hajiya Uwar Adashi, Obalende:
Zai yiwu in kun bi ƙa'ida. Kar mai riƙewa ya zama wanda ya fi kowa kuɗi, don ba mai iya tambayarsa. Ku zaɓi wanda ake jin kunyarsa. A rubuta sunaye da ranar ɗauka tun farko a gaban shaidu biyu, a zuba a kwashe a zama ɗaya, kar kuɗi ya kwana a hannun kowa. Kuma kar ku fara a watan da albasa ke tsada, za ku karye tun zagayen farko. Ku bari sabuwa ta shigo.

Ɗalibi, Yaba:
Alhaji, in kun amince zan riƙa zuwa ranar zubi in rubuta muku, ba sai an biya ni ba. Amma a sa a takarda cewa ribar buhunan ta yaron ce, uwar kuɗin kawai zai mayar.

Baba Dillalin Shanu, Oko-Oba:
A nan za a yi rigima. Wasu za su ce a raba ribar biyu. Ku warware wannan tukuna kafin kowa ya zuba ko naira ɗaya.

Mai Albasa, Mile 12:
To, gobe bayan sallar azahar zan tara 'yan layinmu in ji ta bakinsu. Malam Mai Tsangaya, in an sami saɓani a kan rabon ribar zan kira ka a waya ka yi mana bayanin hukuncinsa. Ɗalibi, turo min lambarka ta gefe.